Malam-buɗe-littafi uku masu riga ɗaya a duwatsun Adar, da yadda ake rarrabe su

Daga ƙarshen damana zuwa shigowar ɗari, duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita ko Buza, yana sauka kwari yana hawa tudu, zai yi ta cin karo da malam-buɗe-littafi masu launin ruwan goro, bakin fiffikensu baƙi, an yayyafa masa ɗigon fari. Yawancinmu abu guda muke ɗaukarsu. Alhali aƙalla iri uku ne suke yawo cikin wannan riga, kuma rayuwarsu ba ta yi kama da juna ba ko kaɗan. Ɗaya ɗan gida ne mai guba a jiki. Ɗaya ba ta da gubar, rigar kawai ta ara. Na ukun baƙo ne, mai yiwuwa ma a Turai aka ƙyanƙyashe shi. Wanda ya tsaya ga launin fiffike kaɗai zai yi ta ruɗewa. Abin da ke raba gardama shi ne a haɗa fiffiken da irin tashinsa, da shukar da uwar take ajiye ƙwai a kai, da kamannin tsutsar da ke fitowa.

Adar ba ƙasar manyan duwatsu masu kurmi ba ce. Dutse na sosai a Nijar yana can Abzin, inda tsaunin Bagzan ya kai mita 2,022. Abin da muke da shi nan tuddai ne masu faɗin kai, da sabara da geza da anza a warwatse, sai kwaruruka a ƙasa inda ruwa ke gangarowa, gawo da kurna da bagaruwa da aduwa suna samun laima. Wannan kusancin tudu da kwari shi ne amfanin wurin ga mai son kallon ƙwarin nan: a ƙasa suke ci suke ƙwai, a sama kuma wasunsu suke neman aure, kamar yadda za mu gani.

Kafin komai sai a cire masu tashin dare daga lissafi, irin waɗanda ke zagaye fitila. Dangi ɗaya ne babba da malam-buɗe-littafi, amma a dubi ƴan siraran ƙahonni biyu da ke kansu. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙullutu a ƙarshe, na ƙwarin dare kuwa ko dai tsinin zare ne ko masu gashi-gashi. Malam-buɗe-littafi da rana yake harkarsa, in ya sauka yakan haɗa fiffikensa sama. Na dare yakan shimfiɗa nasa ko ya rufe bayansa da su. Wannan bambanci zai yi mana amfani idan muka iso gona.

Ɗan gida, mai zama kan tunfafiya

Mu fara da wanda masana suka sa wa suna Danaus chrysippus, sunan da Linnaeus ya rubuta tun 1758. Faɗinsa idan ya buɗe fiffike santimita 7 zuwa 8 ne. Kansa da ƙirjinsa baƙaƙe ne masu ɗigon fari. A yammacin Afirka galibin waɗanda ake gani fiffikensu na baya fari ne a tsakiya, ruwan goron ya koma gefe, kuma wannan alama ce mai sauƙin gani tun daga nesa. A tsakiyar fiffiken bayan akwai baƙaƙen ɗigo: uku ga mace, huɗu ga namiji. Na huɗun ya fi sauran kauri, don wata ƴar jaka ce da ke da aiki wajen ƙamshin da yake jan mace da shi. Tashinsa a hankali ne, ƙasa-ƙasa, yana lilo ba gaggawa ba fargaba. Akwai dalili.

Dalilin yana cikin tunfafiya. A samu wata da ke bakin hanya ko gefen gona, a ɗaga ganyenta ɗaya bayan ɗaya a duba ƙarƙashi. Za a ga ɗan ƙwai guda, fari-fari, tsaye da tsini, bai kai ƙwayar hatsi ba, jikinsa da zane-zane daga sama zuwa ƙasa. Uwar ba ta zuba su tari, ɗai-ɗai take rarraba su don kada ƴaƴan su yi rububin ganye guda. Kuma ba da ido kaɗai take gane shukar ba: ƙafafunta na ɗanɗano, takan ɗan bubbuga ganyen da su ta tabbatar kafin ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwan.

Bayan kwana uku zuwa biyar tsutsa ta fito, abincinta na farko kuma ɓawon ƙwan da ta fito ciki. Daga nan sai ta fuskanci matsalar da duk wanda ya taɓa karya tunfafiya ya sani, wato farin ruwan nan mai danƙo. Ga ƴar tsutsar da ba ta wuce milimita kaɗan ba, ruwan zai iya liƙe mata baki ya kashe ta. Sai ta yi dabara: ta fara tsaga ganyen a zagaye, ta yanke hanyoyin da ruwan ke bi, ta jira ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke cikin da'irar. Shi ya sa ake ganin ƴan ramuka masu zagaye a ganyen tunfafiya da busasshen farin ruwa a bakinsu. Duk inda aka ga wannan tabo, tsutsar na kusa. A nan zan ja kunne, musamman ga yara: ruwan tunfafiya mugun abu ne ga ido, wanda ya taɓa ganyen ya wanke hannu kafin ya kai shi fuska.

Tsutsar ba ta ɓuya. Jikinta zobba-zobba ne na fari da baƙi da ɗigon rawaya, da siraran zare baƙaƙe guda shida, bibbiyu a wuri uku: kusa da kai, can gaba da tsakiya, da kusa da wutsiya. Fatarta ba ta miƙewa yadda girmanta ke buƙata, don haka takan tuɓe ta, ta bi matakai biyar cikin mako biyu ko ɗan fiye. A duk wannan ci da take yi, tana tara gubar tunfafiya a jikinta, irin gubar da ke taɓa bugun zuciya, ita kuma ba ta yi mata lahani. Gubar tana bin ta har ta zama mai fiffike. Tsuntsun da ya haɗiyi ɗaya ya sha wuya ba ya marmarin na biyu, kuma launin ne yake tunawa. Wani masani Ba'amurke, Lincoln Brower, ya nuna haka ƙarara a shekarun 1960 da ɗan'uwan wannan ƙwaro na Amurka: tsuntsayen da ya ba su suka yi amai, daga nan suka daina kusantar mai irin launin. To ka ji abin da ya sa ɗan tunfafiya ke tafiyar ƙasaita. Son ransa ne a gan shi a gane shi.

Idan tsutsa ta ƙoshi sai ta daina ci, ta nemi wuri, sau da yawa ma ta bar shukar ta hau wata ciyawa ko dangar kara. Ta saƙa ɗan dunƙulen zare, ta maƙale wutsiya, ta rataya kai ƙasa a lanƙwashe. Bayan kamar yini guda fatar ta tsage daga ƙeya, ta murje ta sama, sai ga ƙwanso mai santsi, tsanwa ko ja-ja mai haske, da ɗigon ruwan zinariya da wani siririn layi baƙi a kewaye. A ido babu abin da ke motsi. A ciki kuwa yawancin jikin tsutsar narkewa yake, ana sake gina shi daga wasu ƴan ƙullin ƙwayoyin halitta da take ɗauke da su tun tana ƙarama: fiffike, dogayen ƙafafu, manyan idanu, da dogon bakin tsotso mai naɗewa. Bayan mako guda zuwa biyu, gwargwadon zafi, ƙwanson ya yi duhu har ana hango launin fiffike ta cikinsa. Galibi da safe yake fashewa. Abin ya fito a jiƙe, fiffike a cukurkuɗe, ciki a kumbure, ya rataya yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fiffiken har su miƙe, ya jira su bushe. Daga ƙwai zuwa nan kusan wata guda ne, ko ƙasa da haka lokacin zafi.

Abu biyu ke biyo bayan wannan, kuma mutane da yawa ba su lura da su ba. Malam-buɗe-littafi ba ya girma bayan ya fito: ƙaramin da ka gani ba ɗan babba ba ne, wani iri ne daban. Sannan ba shi da bakin tauna ganye, abu mai ruwa kawai yake tsotsa, galibi ruwan fure. Duk cin da za a yi, tsutsa ce ta yi shi.

Ba kowane ƙwai ke kaiwa ga tashi ba, mafi yawa ma ba sa kaiwa. Akwai ƴan ƙudaje da ƴan zanzaro masu sa ƙwansu a jikin tsutsar, ƴaƴansu su cinye ta daga ciki. In ka ga ƙwanso ya yi baƙi-ƙirin ya bushe da ɗan rami a gefe, aikinsu ne. Da yake tunfafiya ba ta zubar da ganye da rani, ɗan gidan nan yana iya haihuwa kusan duk shekara, shi ya sa ko a watan Afrilu ana iya ganinsa. Ya kuma daɗe tare da mutane: a zanen bangon kabarin Nebamun na tsohuwar Masar, wanda ya haura shekara 3,000 kuma yake ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, akwai malam-buɗe-littafi da masana ke ɗauka shi ne.

Mai aron riga

Ta biyu ita ce macen Hypolimnas misippus. Na ce mace da gangan, don namijin ba ya cikin wannan rigima: baƙi ne wuluk, da manyan tabo farare masu siffar ƙwai, kewaye da shuɗi mai ƙyalli idan rana ta doke shi. Wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa miji da mata ne ba. Ita kuwa macen ta ɗauko kamannin ɗan tunfafiya kusan tsaf, har akwai masu farin nan na fiffiken baya. Guba ce dai ba ta da ita irin tasa, don tsutsarta ba tunfafiya take ci ba, ciyayi ne masu laushi irin su fasa-ƙaba. Tsutsar ma daban take: baƙa, mai ƙayoyi, da ƙaho biyu a ka. Tsuntsun da ya taɓa ƙonewa a kan na gaskiya sai ya ƙyale ta. Henry Bates ne ya fara bayyana wannan irin kwaikwayo a 1862, bayan shekarun da ya yi a dajin Amazon.

Yadda za a kama ta: a dubi fiffiken baya. Maimakon ɗigo uku ko huɗu a tsakiya, tabo guda babba gare ta can kusa da gefen gaba na fiffiken, baƙin bakin fiffikenta ya fi faɗi, gefensa kuma ya fi tsaga-tsaga. In an tsorata ta sai asirinta ya ƙara tonuwa, don takan zabura da ƙarfin da ɗan tunfafiya ba ya yi.

Baƙon da ya ƙetaro hamada

Na uku, Vanessa cardui, shi ya fi ba ni mamaki, kuma shi ya fi sauƙin rarrabewa idan an san inda za a duba. Ya fi su ƙanƙanta, santimita 5 zuwa 6 da ɗoriya. Ruwan goronsa ya fi kodewa, kuma baƙin ya ratsa shi ko'ina, ba a baki kaɗai ba. Idan ya rufe fiffike, ƙarƙashin na baya launin ƙasa ne mai zane-zane, da ƴan idanu huɗu ko biyar a jere, ya saje da tsakuwa har ka wuce ba ka gan shi ba. Tashinsa da sauri ne, kai tsaye, yana son sauka a fili kan busasshiyar ƙasa ya buɗe fiffike ga rana. Tsutsarsa mai ƙayoyi ce, takan haɗa ganye da zare ta yi ɗaki ta zauna ciki tana ci, kuma ba ta da tsirfa: an rubuta ɗaruruwan shuke-shuken da take ci, ciki har da dangin rama da kuɓewa da dangin wake.

Wannan ƙwaro ba shi da dabarar kwanciya ya jira yanayi ya gyaru. Ba ya jure sanyin Turai, ba ya jure rani mai ƙona ciyawa. Mafitarsa ita ce ya bi tsanwar ciyawa duk inda take, uwa ta fara tafiya, jikoki da tattaɓa-kunne su ƙarasa. An daɗe ana ganin yana ɓacewa daga Turai da kaka ba a san inda yake zuwa ba. Na'urar hango jirage ce ta fara nuna cewa sama yake hawa, mita ɗaruruwa, ya bi iska: a 2009 an ƙiyasta kimanin miliyan 11 sun shiga Birtaniya da bazararsu, miliyan 26 kuma sun fita da kaka. Daga baya masana biyu daga Basalona, Gerard Talavera da Roger Vila, suka biyo sawunsa zuwa kudancin Sahara suka tarar da shi yana haihuwa birjik, binciken da suka fitar a 2016. Abin da aka fahimta yanzu shi ne yana isowa yankin Sahel daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ciyawar damana ke da sauran rai, ya hayayyafa. Idan nan ya bushe, zuriyar ta gangara kudu zuwa dazuzzuka masu laima da ƙasashen tuddai, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sannan wata zuriyar ta juya arewa, ta sake ƙetare hamada zuwa bakin Bahar Rum. Zagayen gaba ɗaya yana kai kilomita 12,000 zuwa 14,000.

Akwai wani labarin da ya kamata duk ɗan Adar ya ji. A watan Oktoba na 2013, Talavera ya tsinci wasu daga cikin ƙwarin nan a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, inda ba a san su da zama ba, fiffikensu duk ya yage. Aka shafe shekaru ana bin diddigi, sai a 2024 aka fitar da sakamako: sun tashi ne daga yammacin Afirka, suka ƙetare tekun Atalantika, aƙalla kilomita 4,200, cikin kwana biyar zuwa takwas, iska na tura su. Cikin hujjojin har da garin fure da ya maƙale a jikinsu, wanda aka gano na sabara ne da kurna, masu fure a ƙarshen damana. Binciken bai ce daga wane gari suka tashi ba, yammacin Afirka kawai ya nuna. Amma sabara da kurna namu ne. Sabarar da muke sassabewa a gona muna ƙonawa ba tare da waiwaye ba, ruwan furenta ne guzurin ƙarshe da suka sha kafin su faɗa teku. Ni dai wannan kaɗai ya ishe ni hujja in goyi bayan manoman da ke barin sabara ta tofo a gonakinsu.

Ga inda tudu ya shigo. Da yamma, bayan la'asar, mazan wannan baƙo sukan hau wuri mafi tsayi a yankin, kowa ya kama ɗan fili kan dutse, yana korar duk wanda ya gitta, suna murɗawa sama bibbiyu. Matan da ba su haɗu da namiji ba su ma can suke nufa. Ƙwaron da ke warwatse cikin daji mai faɗi yana buƙatar mahaɗa, kan tudu kuwa kowa na iya samunsa. Mai son ganinsu ya hau da yamma ya zauna shiru. Mai neman ƙwai da tsutsa kuma ya sauka kwari da safe.

Sauran da ake gani ba su da wuyar sha'ani idan an bi shukarsu. Farare da rawaya masu taruwa a bakin tafki kan danshin laka, suna tsotsar gishiri, yawanci maza ne, kuma da yawansu kan tafasa da rai-ɗore suka tashi. Farin nan mai baƙaƙen jijiyoyi a fiffike, anza da jiga ne gidansa.

Inda sanin ya zama na cin abinci

A garka da gona ne wannan rarrabewa ke da nauyi, don a nan ne ake ɗora wa malam-buɗe-littafi laifin da ba nasa ba. Murzuna da ke huda zangarniyar hatsi tana bin ta a murɗe, ƴar ƙwaron dare ce. Haihuwa ɗaya take yi a shekara, ƙwansonta ya kwana cikin ƙasa duk rani har ruwa ya dawo. Tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016, da mai cinye ganyen zogale a garake, su ma na dare ne. Cikin masu tashin rana, wanda mai garka zai sa wa ido shi ne babban nan baƙi mai ɗigon rawaya da ke zagaye lemu. Tsutsarsa tana ƙarama kamannin kashin tsuntsu take ɗauka don ta tsira, in ta girma ta koma tsanwa, in an taɓa ta kuma ta fiddo wani jan abu mai reshe biyu daga ƙeya mai wari. Tana iya tsige ƙaramin dashen lemu tas. Amma manya ne, ana ganinsu, a kan ƴan itatuwa kaɗan tsincewa da hannu ta wadatar.

Abin da ke damuna shi ne feshin kan-mai-uwa-da-wabi, a ga tsutsa kawai a ɗauko magani. Maganin ba ya tambayar suna. Yana kashe ƙudan zuma, yana kashe ƴan zanzaron nan masu cin tsutsa, alhali irinsu ne, mai suna Habrobracon hebetor, masu binciken noma na cibiyar INRAN ta Nijar suke kiwo suna saki a gonakin hatsi don yaƙar murzuna. Tsutsar da ke kan tunfafiya ba za ta taɓa komawa kan hatsi ko wake ba, yunwa za ta kashe ta kafin ta ci. Babu dalilin taɓa ta.

Malamin lakwal da ke son yara su ga wannan da idonsu ba ya buƙatar kayan awo. A samo babbar tsutsa daga tunfafiya, a sa ta cikin gwangwani mai faɗi ko kwalba, a rufe bakin da yankin gidan sauro, a jingina ɗan kara a ciki inda za ta rataya. A ajiye a inuwa, ana sauya mata ganyen tunfafiya sabo kullum, ana zubar da kashinta don kada ya yi fumfuna, babba ne kuma zai riƙa tsinko ganyen saboda ruwan. Idan ta zama ƙwanso kada a taɓa, kada a girgiza. Ranar da ya fito a ba shi awa biyu ko uku fiffike ya bushe, yara su ƙirga ɗigon fiffiken baya su faɗi ko mace ce ko namiji, sannan a buɗe a sake shi kusa da inda aka ɗauko tsutsar. Wanda ke da waya ya ɗauki hoton fiffiken a buɗe da kuma a rufe, ya haɗa da hoton shukar, ya rubuta rana da sunan wurin. Da waɗannan, ko a shafin intanet na iNaturalist, inda ake sa hotunan halittu, aka sa, masana za su iya tabbatar da irinsa.